Na'urar ɗaukar hoto: da wane harshe allonta zai yi wa mutumin Gamu magana?

A zamanin yau kusan duk wata muhimmiyar takarda da hukuma ke bai wa ɗan ƙasa tana ɗauke da hotonsa: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, fasfo, lasisin tuƙi, har ma da takardun ɗalibin da ke shirin zana jarrabawar BEPC. Ga mazaunin Yamai ko na birnin Damagaram wannan ba wani abin damuwa ba ne, domin ɗakin mai hoto yana bakin titi. Amma ga manomi ko makiyayi na ƙaramar hukumar Gamu, cikin gundumar Gure ta jahar Damagaram, ɗan hoton nan da bai kai faɗin tafin hannu ba yakan ci masa yini guda na aikin gona, da kuɗin mota, da kuɗin abinci a hanya. In kuwa ya miƙa hoton aka ce bai yi ba, to sai ya sake ɗaura ɗamarar wata tafiya. Shi ya sa batun na'urorin da ke ɗaukar hoto da kansu, da irin bayanin da suke nuna wa mutum a allonsu, ya cancanci a tsaya a duba shi da idon basira.

Muryar mai hoto

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai hoto na da, ya san cewa rabin aikin da baki ake yin sa. Mai hoto ne zai gyara wa mutum zaman hula, ya ce masa ya ɗaga kai kaɗan, ya saki fuska, ya daina motsi. In tsoho ne ya gaishe shi da ladabi tukuna, in yarinya ce mai jin kunya ya lallashe ta har ta dubi kyamara. Da wannan gwaninta ce manyan masu hoto na Afirka ta Yamma suka yi suna. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a shekarar 1948, da farko zanen shimfiɗar gadonsa ya rataya a bayan masu zama, ya kuma tanadi rediyo da agogo da babur da alƙalami domin kowa ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. A Bobo Julaso, Sanlé Sory ya buɗe ɗakin Volta Photo a 1960, inda samari ke tsayawa gaban zanen jirgin sama kamar masu shirin tafiya Turai. A Yamai kuwa Philippe Koudjina ya ɗauki hotunan matasan birnin tun daga shekarun 1960. Dukansu sun gane abu guda: mutum ba ya miƙa fuskarsa sai ga wanda ya yi masa magana da harshen da yake ji.

Ita na'urar da ke ɗaukar hoto ba tare da mai hoto ba ta girmi yawancin masu amfani da ita. Wani mutumin Sibiriya mai suna Anatol Josepho ne ya kafa irinta da ta fara samun karɓuwa, a birnin New York na ƙasar Amurka, cikin shekarar 1925, ya raɗa mata suna Photomaton. Mutum ya shiga ƴar rumfa, ya jefa kuɗi santi 25, bayan ƴan mintoci hotuna takwas su fito a jere kan takarda guda. Jama'a suka yi ta dafifi, har a 1927 ya sayar da haƙƙin ƙirarsa a Amurka kan dala miliyan guda. Amma abin lura shi ne, ko a wancan lokaci ba a bar mutum shi kaɗai da ƙarfe ba: akwai ma'aikata da ke tsaye kusa suna nuna wa masu shiga inda za su duba da yadda za su zauna. Daga baya ne aka sallami ma'aikatan, rubutu ya gaje su, sa'an nan allo ya gaji rubutun. Ke nan allon da ake gani yau cikin rumfar hoto magajin muryar mai hoto ne, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.

Yadda allon yake aiki

Rumfar hoto ta zamani ba wani abin al'ajabi ba ce. Kyamara ce, da kwamfuta, da fitila, da na'urar buga hoto, da allo wanda galibi ake taɓawa da yatsa. Manhajar da ke cikin kwamfutar ita ce ke jera shafuka bi da bi: shafin maraba, shafin zaɓen irin hoton da ake so, shafin da mutum ke ganin kansa kamar a madubi, ƙidayar daƙiƙoƙi kafin walƙiya, shafin duba hoton da aka ɗauka domin a yarda da shi ko a sake, daga ƙarshe shafin jira har takarda ta fito.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan shafuka ba a kan dutse aka sassaƙa su ba. Masu ƙera manhajojin sun bar wa mai na'ura damar sake kalmomi, da launi, da girman baƙaƙe, da tsawon lokacin ƙidaya, da muryar da ke fita. A wasu manhajoji, kamar ta kamfanin Breeze Systems na ƙasar Ingila, kowane shafi ba komai ba ne illa hoto guda da aka adana cikin kwamfuta. Mai na'ura yana iya cire wancan hoton ya sa nasa, muddin ya ba shi suna iri ɗaya. A Turai da Amurka ana amfani da wannan dama ne domin ƙawa, a rubuta sunan ango da amarya ko tambarin kamfani. A ƙasar Japan, inda kamfanonin Atlus da Sega suka fito da rumfunan Print Club a 1995, ƴan mata ne ke zana furanni da kalmomi a kan hotonsu kafin ya fito. A wuri irin Gamu kuwa, damar nan ta wuce ƙawa. Ita ce za ta raba tsakanin na'urar da ke yi wa talaka hidima da wadda ke tsorata shi.

Mutanen yankin ba baƙin irin wannan kaya ba ne ɗungurungum. Lokacin da hukumar zaɓe ta CENI ta gudanar da rajistar masu zaɓe ta zamani a shekarun 2019 da 2020, da kayan aikin kamfanin Gemalto, ma'aikata sun bazu cikin ƙananan hukumomi da kwamfuta da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa, aka yi wa mutane fiye da miliyan 7 rajista kafin zaɓen 27 ga Disamba 2020. Sai dai a wancan aiki allon yana fuskantar ma'aikaci ne, shi ke karantawa, shi ke fassarawa, shi ke cewa a gyara zama. A rumfar hoto kuwa an juya allon ya fuskanci mai zama, ba tafinta tsakaninsu. Nan ne wahalar take.

Batun harshe

Yawancin na'urorin da ke shigowa ƙasar nan da Faransanci ko Ingilishi suke zuwa. Alhali kuwa manyan mutanen da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai rabi ba, kuma a karkara, musamman cikin mata, adadin ya fi haka ƙasa. Kundin sabunta ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki ba zai tsaya cikin takarda kawai ba in ana so ya yi amfani. Sai ya sauko har kan ƙananan abubuwa, irin maɓallin da tsohuwa za ta danna.

Fassarar allo kuwa tana da nata tarko. Na farko, Faransanci yana da kalma guda ta girmamawa da yake kiran namiji da mace da ita, amma Hausa tana rarrabe «ka» da «ki». In allo ya ce «ka dubi nan», ya ware rabin jama'a. In ya ce «ka/ki dubi nan», ya zama takardar ofis, ba magana ba. Hausa kuwa ta riga ta tanadi mafita, wato sigar da ba ta nuna kowa: «A zauna», «A dubi nan», «A ɗaga kai kaɗan», «A dakata». Gajeru ne, suna da ladabi, kuma sun dace da sarki da talaka.

Na biyu, baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tun taron masana da hukumar UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunan yankin, kuma tsarin Unicode, wanda kwamfutocin duniya ke bi wajen gane baƙaƙe, ya karɓi waɗannan tun farkon shekarun 1990. Duk da haka har yanzu akwai salon rubutu da yawa na kwamfuta da ba su ɗauke da su, sai mutum ya ga ɗan akwati fanko a gurbin baƙin. Mai gaggawa sai ya cire lanƙwasar ya huta, ma'ana kuwa ta tafi. «A ɗaga kai» ya koma «a daga kai», wanda ba ya nufin komai. Maraba da «baƙi» ta koma maraba da «baki». Maganin wannan yana cikin abin da aka faɗa a baya: tunda shafin allo hoto ne, ana iya rubuta shi daidai a wata kwamfuta, a mai da shi hoto, a ɗora. Ta wannan hanya ce kuma ajami zai samu shiga. Dattawa da yawa da ba su taɓa taka ƙofar lakwal ba suna karanta ajami sarai, kuma ko da manhaja ba ta iya jera rubutu daga dama zuwa hagu ba, malami mai kyan hannu yana iya rubuta umarnin a takarda, a ɗauki hotonsa, a sa a allo.

Na uku, Hausa kaɗai ba ta isa ba. A gundumar Gure akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, kuma ko da yake Hausa ce harshen kasuwa, ba kowace mace ta ƙauye ko ta ruga ke jin ta sosai ba. Nan murya ta fi rubutu. Kusan kowace manhaja tana karɓar sauti, saboda haka ana iya naɗar jimloli goma ko goma sha biyu cikin kowane harshe, da muryar masu gabatar da shiri a gidajen rediyon karkara waɗanda jama'a suka saba ji, mutum ya zaɓi harshensa tun a shafin farko. Haka kuma ƙidayar da ke saukowa daga biyar zuwa ɗaya al'adar wasu ce, ba ta kowa ba. Wanda bai san ta ba yakan juya ya tambayi na kusa da shi daidai lokacin da walƙiya ke tashi. Gara murya ta ce masa a fili: «Yanzu za a ɗauka, kada a motsa», a kuma ƙara masa lokaci.

Fuska da haske

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa hukuma labarin mutum gaba ɗaya take tambayar fuskarsa. Hoton fasfo yana bin ƙa'idojin da hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa: fuska ta dubi gaba sosai, idanu a buɗe, baki a rufe, babu murmushi, babu inuwa, bayan mutum ya zama fili ba ado. Girman da aka fi amfani da shi milimita 35 ne a faɗi, 45 a tsawo. An yarda da lulluɓin kai saboda addini, da sharaɗin a ga fuska tun daga haɓa har goshi. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci a ƙasar da mata ke sa hijabi, maza da yawa kuma ke naɗa rawani har su rufe baki da amawali. Allon da aka tsara da hankali zai nuna zanen mace da hijabi da na namiji da rawani, ɗaya daidai ɗaya ba daidai ba, maimakon zanen Bature mai taye da ke zuwa tare da na'urar. Gani ya kori ji.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta nemi matsakaici. In mutum baƙi ya zauna da farar riga gaban farin bango, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar ta dushe har ba a rarrabe ido da gira. Wannan ba sabon abu ba ne. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana rarraba wa masu wanke hoto katin gwajin launi mai ɗauke da hoton farar mace, da shi ake daidaita injuna, baƙar fata kuwa ta sha wuya. Na'urori masu gane fuska sun gaji wannan aibi. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin manyan kamfanoni suna kuskure wajen gane jinsin mata baƙaƙe har kusan kashi 35 cikin ɗari, alhali ga maza farare kuskuren bai kai kashi ɗaya ba. A 2020 kuma gidan rediyon BBC ya gwada na'urar da ke tantance hoton fasfo a Ingila, ya tarar ta fi ƙin hotunan masu duhun fata. Darasin a fili yake: kada a yarda da saitin da na'ura ta zo da shi daga masana'anta. A gwada ta da fuskokin mutanen wurin, a sa labule mai ruwan toka-toka maimakon fari fat, a kawo haske daga gaba, a kafa rumfar cikin inuwa, domin ko allon kansa ba ya karantuwa cikin rana.

Wasu ƙananan abubuwa biyu sun cancanci ambato. Allo yakan nuna wa mutum kansa a juye kamar madubi, domin haka ido ya saba, amma hoton da zai fito dole ya zama ba a juye ba. In mai na'ura ya manta wannan saiti, mai bille a kuncin hagu zai tarar da shi a dama cikin katinsa, wata rana kuma ya sha tambaya a shingen jandarma. Sa'an nan akwai dabarar koren labule, wadda manhaja ke goge duk abin da yake kore ta maye gurbinsa da wani hoto, ko na birni ko na lambu. Ita ce jikar zanen jirgin saman Sanlé Sory, kuma tana faranta ran yara ranar salla. Amma mace mai koren mayafi za ta ga mayafinta ya ɓace. Game da hoton takardun hukuma kuwa, wajibi ne a kashe duk wata dabarar gyaran fuska, musamman masu hasken fata da goge tsaga, domin katin da bai yi kama da mai shi ba ya tashi daga shaida.

Amana

Rumfar hoto tana da wata fa'ida da ta dace da al'adar ƙasar nan. Matar da ke jin nauyin ɗaga ido ta dubi baƙon namiji tana iya zama ita kaɗai bayan labule, ta gyara lulluɓinta, ta duba hotonta, ta sake in bai gamshe ta ba. Amma wannan sirri ba ya cika sai an san inda hoton ke tafiya. Manhajoji da yawa suna ajiye kowane hoto cikin kwamfuta, wasu ma suna aika shi ta intanet. Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirrin jama'a a shekarar 2017, aka sake sabunta ta a 2022, kuma fuskar mutum tana cikin abin da irin wannan doka ke karewa. Ya kamata shafin ƙarshe ya faɗa da baki, cikin harshen mai zama, ko za a ajiye hotonsa ko za a goge. Haka nan kuɗin aiki ya bayyana tun shafin farko, da lambobi da kuma lissafin da jama'a suka sani na dala da jika, domin wanda aka rubuta wa 500 shi dala ɗari ya sani, kada a bar ƙofar cuta a buɗe.

Wa ke da alhakin gyara?

Aikin bai fi ƙarfin ƴan ƙasa ba, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Saurayin da ya sayi kwamfuta da kyamara da faifan hasken rana domin bin kasuwannin mako tsakanin Gure da ƙauyukanta, shi ne na farko da zai ci riba in ya gyara allonsa, domin hoton da aka ɓata asarar takarda ce da tawada, kuma wanda aka kora daga ofis saboda mummunan hoto ba ya komawa wurin wanda ya ɗauke shi. Malaman makaranta da na yaƙi da jahilci suna iya duba masa rubutu. Ofishin magajin gari yana iya manna samfurin hoton da ake karɓa a bakin ƙofa. Su kuma ma'aikatun da ke sayo irin waɗannan na'urori daga waje, musamman yanzu da ƙasashen ƙawancen Sahel suka fito da sabon fasfonsu tun watan Janairun 2025, ya dace su rubuta cikin sharuɗɗan ciniki cewa allo zai karɓi baƙaƙen harsunan ƙasa da muryoyinsu, kuma za a gwada kayan a kan fuskokin ƴan ƙasa kafin a biya. Tun ran gini ran zane.

Gwajin da ya fi kowane sauƙi kuwa shi ne wannan: a kawo tsohuwa daga wani ƙauyen Gamu wadda ba ta taɓa riƙe salula ba, a zaunar da ita gaban allon, kowa ya ja da baya ya yi shiru. In ta fito da hotonta a hannu, fuskarta ta fita sarai, ba ta kira kowa ba, to na'urar ta ci jarrabawa. In kuwa ta tsaya tana waige-waige, laifin ba nata ba ne, sai a koma a gyara allon.